Mutumin da Ya Koya wa Kwamfuta Zaman Ƙasa

Shekara talatin da huɗu Malam Makau mai yanka ya yi yana riga kowa buɗe shagon telolin da ke bayan tashar mota a Gummi. In ya dawo daga sallar asuba, matarsa Hure ta miƙa masa kunu, ya sha a tsaye, ya ɗauki mabuɗi ya kama hanya. In ya shiga ba ya ko kallon kekunan ɗinki goma sha biyun da ke jere, don babu nasa a ciki. Nasa shi ne dogon teburin da ke ƙurya, da almakashi mai baƙin hannu, da alli, da takardun da ke rataye a ƙusoshi jikin bango. Sai ya share teburin, ya bi shi da tafin hannu ko an bar allura, ya wasa almakashin, ya shimfiɗa yadi. Kafin telan farko ya iso ya yi sallama, aikinsa na yini yana ninke a kan keke yana jiransa.

Makau ba ya ɗinki. Rabonsa da taka keke tun yana saurayi. Aikinsa shi ne ya fitar da siffar tufa tun tana yadi. Yakan samo takardar buhun siminti, ya kakkaɓe ta, ya bi ta da dutsen guga har ta miƙe, ya zana gaban riga da bayanta da hannu da wuya, ko ƙafar wando, ya yanke kowanne daban. A shagon takardar yanka ake ce mata. Ita ake ɗorawa a kan yadi a zagaye da alli, a yanka riga ɗari duk iri ɗaya. In za a yi wa yara masu girma daban-daban, sai ya sake zana kowane girma da hannu, daga ɗan aji ɗaya har ɗan aji shida, abin da kan ci masa kwana huɗu. A gefen kowace takarda yakan rubuta girmanta da ajami.

Ba wanda ke tambayar wanda ya yanka riga. In ta zauna a jiki, tela ake yabo. In ta ƙi zama, telan zai karkata kai ya ce ai daga yanka ne. Haka Makau ya shekara talatin yana karɓar laifi shi kaɗai, yabo kuwa ana raba wa mutum goma sha biyu. Bai taɓa kai ƙara ba, ko da yake waɗanda suka san shi sun ce ba haƙuri ne kawai ba, har da ƙyuyar magana. Mutum ne da ke faɗin abu sau ɗaya. In ka ji, ka ji.

Yana da wata ɗabi'a da teloli suka daɗe suna yi wa dariya. In aka kawo yaro awon wandon makaranta, ba ya barin sa a tsaye. Sai ya nuna masa daɓe ya ce, “Zamna ƙasa, awa kana aji.” Yaro ya zauna ya harɗe ƙafa, Makau ya durƙusa ya ja tef ɗin awo daga ƙugu ta baya, ya zagayo ta ƙasa har gaba. Teloli su ce, “Malam, wando za a ɗinka ko tabarma?” Bai taɓa tanka musu ba, su ma ba su taɓa tambaya da gaske ba.

A shekarar 2015 wata ƙungiyar agaji ta ba shagon aikin da bai taɓa samun irinsa ba: kayan makaranta na yara dubu uku, maza da mata, a raba kyauta a firamaren ƙauyukan Anka da Gummi da Bukkuyum, don a ja iyaye su sa 'ya'yansu. Alhaji Jibo, shugaban telolin, ya duba yawan aikin, ya dubi Makau da furfurarsa, ya kira ɗan ƙanwarsa Nuraddeen daga Kaduna. Nuraddeen magidanci ne mai shekara talatin da 'yan kai, ya yi shekara shida a wata masana'antar ɗinki, inda ya koyi zana takardar yanka a kwamfuta.

Kada a zalunci kwamfutar nan, don ta yi abin da ya ba kowa mamaki. Nuraddeen ya zana wando ɗaya, ya danna wani abu, girma shida suka fito kafin shayin Alhaji Jibo ya huce. Ta kuma jera guntayen a kan faɗin yadi, wannan a hammatar wancan, har ba a ganin fili. Bandir ɗin kakin da Makau kan fitar da wando talatin a ciki, ita ta fitar da talatin da shida. Takardarta ba ta lanƙwashewa a gefe don yawan bin alli, gara ba ta cinta, in ta yage a je Gusau a sake bugo wata sak irin ta jiya. Makau ya tsaya a bayan Nuraddeen ya kalli abin daga farko har ƙarshe. Ya gane abin da kowa a shagon ya gane ya yi shiru a kai: in abin nan ya zauna, teburin ƙurya ya tashi daga hannunsa.

Da aka kawo takardun da aka bugo, aka ce Makau ya bar zane, ya riƙa bin layin da almakashi kawai. Ya shimfiɗa ta wando, ya ɗora yatsunsa a tsakiyar ƙafafun, inda ake kira hantsa.

“Nura,” ya ce, “hantsar wandon ga ta yi gajarta.”

“Baba, awon da masana'antu ka aiki da shi na. Yara dubbai anka gwada kahin a hidda shi.”

“Yaran ina?”

“Yaran ko'ina, Baba.”

Alhaji Jibo ya leƙo daga ƙofa ya ce, “Malam, lokaci ya ƙure muna. A yanka hakanan.”

Makau ya ɗauki almakashi ya yanka. A nan dai yana da laifi, kuma ba za a ɓoye shi don ana yabonsa ba. Ya ga abin da zai faru, ya faɗa sau ɗaya kamar yadda ya saba, ya ja bakinsa. Da ya buga teburi ranar, da an huta. Amma yana tsoron a ce tsoho na kishin na'ura, sai ya zaɓi mutuncinsa. Aka ɗinka kashin farko, wando dubu ɗaya, aka ɗora a motoci da babura aka raba.

Mako uku bayan haka, ranar wata Talata da hantsi, babur ya tsaya a ƙofar shagon. Malama Zubaida ce, shugabar wata firamare a yankin Nasarawa Burkullu, ta sauko da buhu. Ta gaisa da kowa yadda ya kamata, sannan ta zazzage buhun a kan teburin Makau. Wanduna ne, sababbi ful, kowanne a ɓarke a wuri ɗaya.

“Alhaji, ga kayanku,” ta ce. “Ɗiyana talatin da ɗaya sun bar zuwa makaranta. Yaro ya zamna, wando ya ɓarke, aji ya ɗauki dariya. Wa za shi komo gobe? Mata kuwa uwayensu sunka hana. Wata uku ina bin gida-gida kahin a ba ni su.”

Kafin sati ya zagayo, irin wannan buhu ya zo daga wajen Zugu, ya zo daga ƙauyukan Anka. Teloli, waɗanda jiya suke layi don su ga kwamfuta, suka juya mata baya gaba ɗaya. Wani ya ce dama shi bai yarda da ita ba. Wani ya ce a mayar da ita inda ta fito da mai ita. Alhaji Jibo ya kira Makau gefe, ya ba shi haƙuri, ya ce sauran dubu biyun a koma wa takardun siminti, kuma daga yau ba mai ƙara sa masa hannu a teburi. Nuraddeen ya naɗe wayoyinsa ya sa a jaka, ya ce da safe zai bi motar Kaduna. Abin da Makau ya ji tsoron rasawa ya dawo masa har da ban haƙuri, ba tare da ya ɗaga murya ba.

Kai ne, Malam Makau, aka miƙa wa wannan nasara a hannu ka ƙi karɓa. Da ka karɓa, ba wanda zai ga baƙinka. Da yau ana ba da labarinka a tashar Gummi a matsayin tsohon da ya kori na'ura.

Washegari da sassafe Makau ya tare Nuraddeen a tasha kafin mota ta cika. Ya ce ya ajiye jakar, akwai inda za su. Suka ɗauki ɗan acaba, su biyu a baya, suka bi hanyar burji zuwa makarantar Malama Zubaida, suna sauri don a lokacin ba a son yamma ta riski mutum a wannan hanya. Makau bai yi masa bayanin komai ba. Da suka isa ya ja shi bakin tagar aji uku ya ce ya leƙa.

Babu benci ko ɗaya. Yara kusan saba'in a ƙasa, wasu a kan buhu, wasu a kan daɓe, kowa ya harɗe ƙafa, ya ɗora littafi a gwiwa, ya duƙa yana rubutu. Nuraddeen ya daɗe yana kallo. Shi ma a ƙasa ya yi firamare, amma shekara shida a gaban kwamfuta sun mantar da shi. Awon da ya zo da shi na yaran da ke zama a kujera ne, cinyoyinsu a haɗe. Ba kuskure a lissafinsa ko kaɗan. Wanda ya haɗa awon ne bai taɓa tunanin ajin da ba kujera ba.

Makau ya nemi izinin Malama, ya miƙa wa Nuraddeen tef ɗin awo, ya ce ya auna yaro ɗaya a tsaye, ya sake auna shi a zaune. Bambancin ya kai faɗin yatsa huɗu.

“Baba, don mi ba ka hwaɗa mani hakanga ba tun ranar?”

“Na hwaɗi.”

“Sau guda.”

Makau ya ce, “Gaskiyarka. Laihina na.”

A kan hanyar dawowa Nuraddeen ya yi tambayar da teloli ba su taɓa yi ba a shekara talatin, ya kuma yi ta da gaske. Me ya sa ake barin yadi mai faɗin yatsa uku a ninke cikin kalmasar ƙafa? Don yaron ƙauye ba a yi masa sabon wando duk shekara, uwarsa ce za ta warware ta saki tsawo, in ya yi masa kaɗan ƙaninsa ya gada. Me ya sa wuyan rigar 'yan mata ya fi na awon Kaduna faɗi? Don da kitso ake sa ta. Me ya sa aljihu a gefe ba a baya ba? Don wanda ke zama a ƙasa ba ya zama a kan fensirinsa. Duk wannan babu inda aka rubuta shi. Yana cikin kan mutum ɗaya da takardun siminti da gara ta fara ci.

Da suka iso, Makau ya gaya wa Alhaji Jibo cewa Nuraddeen ba zai tafi ba. Za a zauna a zuba wa kwamfutar duk takardun da ke bango, ɗaya bayan ɗaya. Alhaji ya dube shi kamar bai ji daidai ba. Teloli suka ce tsufa ya fara taɓa Malam.

Hure ce kaɗai ta faɗa masa abin kai tsaye, da yamma, tana tankaɗe a tsakar gida.

“Malam, in ka ba ta abin da ka sani duka, mi za su kira ka ka yi?”

“Ba su kira na.”

“To, ka san haka, kuma ka yarda?”

“Hure, in na ja layin alli guda yanzu, biyu nika gani. Ban hwaɗa ma kowa ba. Bana ni ka yanka. Baɗi wa?”

Ta ajiye rariyar. Ta ce ai ana yin aikin ido a Sakkwato. Ya ce ko an yi, hannun fa? Ta ce to ya riƙe ko da rabi, ya bar wani abu da sai an zo gare shi. Wannan shawara ba ta mugunta ba ce, kuma masu sana'a da yawa a ƙasar nan ita suke bi: su koyar da komai, su rage ɗaya. Makau ya ce rabin da zai riƙe, a jikin ɗan wani zai ɓarke. Hure ta yi fushi da shi kwana biyu, kuma tana da hujja, don a wannan teburin gidan ke ci.

Kwana goma sha ɗaya suka yi. Makau ya sauko da takarda, ya shimfiɗa, ya auna kowane gefe ya faɗa, Nuraddeen ya shigar. In sun zo wurin lanƙwasa, inda Makau ke jan alli da ido ba da awo ba, sai su yi ta gardama. Nuraddeen ya ce kwamfuta ba ta san “ɗan ƙara kaɗan” ba, sai an gaya mata nawa. Makau ya ce shi bai taɓa ƙirgawa ba. Dole ya zauna ya auna abin da hannunsa ya shekara talatin yana yi ba tare da shawara da shi ba. Wata rana kwamfutar ta nuna cewa takardarsa ta aji biyar, ƙafar hagu ta ɗara ta dama, don gefen ya cinye da yawan bin alli. Makau ya duba, ya sake dubawa, ya ce, “Ta yi gaskiya.” Teloli sun ce ranar ce kawai suka ga ya yi dariya a bakin aiki.

Wanduna dubun da suka ɓarke kuwa, ba a zubar ba. Makau ya fitar da wani ƙyalle mai kusurwa huɗu da za a warware hantsa a dasa, ya buɗe ta. Yadin da aka yi wannan gyara da shi, shi ne wanda kwamfutar ta rage tun farko da iya jerinta. Da da takardun siminti aka yanka, da ba a sami ragowar ba. Malama Zubaida ta koma bin gida-gida. Daga cikin talatin da ɗaya, ashirin da takwas sun dawo aji. Uku ba su dawo ba, kuma Makau ya san adadin, don ya tambaya.

Sauran dubu biyun aka yanka da sabuwar takarda, wadda na'ura ta buga amma awon na Makau ne. Ba buhun da ya sake dawowa.

Daga nan abin ya tafi yadda Hure ta ce. Takardar da aka bugo, kowane tela mai hannu yana iya bin layinta. Shekarar farko ana kiran Makau in an sami aiki mai wuya. Ta biyu aka riƙa kiransa don girmamawa. Idon ya ƙara rufewa. Wata Alhamis a 2017, bayan an tashi aiki, ya tsaya a ƙofa ya ce wa Alhaji Jibo, “Gobe in zo?” Alhaji ya dubi ƙasa, ya ce, “Malam, ka huta. In da wani abu, muna aikowa.” Makau ya ciro mabuɗin shagon daga aljihu ya ajiye a kan keken farko, ya yi musu sai da safe. Ba a yi taro ba, ba a ɗauki hoto ba. Nuraddeen ne ya bi shi da gudu ya riƙe masa hannu har gida, kuma har yau duk Juma'a yana zuwa gaishe shi, da ɗan abin da ya samu.

Wannan rubutu ba don a ce hannu ya fi na'ura ba ne, ko na'ura ta fi hannu. Shagon bayan tasha ya ga iyakar kowanne da idonsa. Kwamfuta ba ta gajiya, ba ta mantuwa, amma ba ta taɓa leƙa tagar aji uku ba. Makau ya leƙa, amma idonsa na mutum ne, yana da ranar ƙarewa. Abin da ya sa ake wannan jinjina shi ne, a cikin su biyun ɗaya ne kawai yake da abin rasawa, kuma shi ne ya miƙa.

Malam Makau, mai alli, mai almakashi, kai ne ka durƙusa a gaban 'ya'yan talakawa ka auna su yadda suke zaune, lokacin da kowa ke auna su yadda ya kamata a ce suna zaune. Kai ne ka yi kuskure ka ce naka ne a gaban sa'an ɗan cikinka. Kai ne aka ba dama ka zama wanda ba a iya yi sai da shi, ka zauna kwana goma sha ɗaya kana koya wa mutane yadda za su yi ba kai. Mun gode. Iyayen da suke warware kalmasa duk farkon zango su saki tsawo ba su san sunanka ba, mun gode a madadinsu. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar ido, ya sa ka gama da duniya lafiya. Hure ma mun gode mata, don ita ta ga abin da zai biyo baya tun kafin kowa, ta kuma zauna a cikinsa tare da kai.

Masu sana'a da ke karanta wannan, maƙera da magina da masu gyaran inji, kowannenku ya san abu ɗayan nan da ya rage bai koya wa kowa ba. Ku koyar da shi tun ido na gani. Masu kwamfuta kuma, kafin ku danna, ku je ku leƙa inda za a sa abin da kuka zana. Kada wanda zai bi sawun Makau ya ɗauka za a rama masa, don shi ba a rama masa ba. Yana zaune a zaurensa a Gummi, wani na tsaye a teburinsa. Ya san haka za ta kasance tun ranar da ya sauko da takardar farko daga bango, ya kuma sauko da ta biyu.